Reshen da Na Sare wa Shamuwa

Na sare reshen ceɗiya alhali shamuwa tana kwance a kansa kan ƙwai uku. Ba wanda ya aike ni, ba itacen girki muka rasa ba. Riga ce kawai ta jawo. Na yi kurakuran da suka fi wannan girma a idon mutane, amma da za a ce in zaɓi guda ɗaya a mayar mini kamar ban yi ba, wannan zan zaɓa. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai ɗan ajin yaƙi da jahilci, saboda haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Ɗambatta, inda gona take manne da gona, in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya amsa maka daga tasa. A kusurwar gidanmu akwai ceɗiya da mahaifina ya dasa. Rabin inuwarta yana ƙofar zaure inda nake shimfiɗa tabarma, rabin kuma yana cikin gida, a gefen 'yar garkar mai ɗakina. Tun ina yaro shamuwa biyu suke sauka a kanta duk shekara, a wani reshe mai rassa uku da ya buɗe kamar tafin hannu. Suna zuwa ne a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura, guga ya fara kwaso laka a rijiya. Sai ka tashi da safe ka gan su tsaye, baƙar riga da farin ciki, suna duban gidan kamar masu gida sun dawo daga tafiya suna ƙirga abin da ya ɓata. Tsofaffi suna cewa gidan da ta zaɓa yana da albarka, kuma ba a taɓa ta. Ni ma na tashi ina jin haka.

Garkar nan ba ta fi shimfiɗar tabarma biyar ba. Dangar kara ce ta kewaye ta saboda awaki, ruwan wanke-wanke da na alwala kuma yana bi ta rariya ya faɗa ciki. Amma abin da matar nan take fitarwa daga wurin sai ka rantse fadama gare ta. Ga yakuwa, ga zogale biyu da ake yi wa aski duk shekara, ga barkono a fasasshiyar tukunya, kabewa tana hawa danga tana leƙa gidan maƙwabta, lalo kuwa ba a gayyatarsa, da kansa yake zuwa. Sai dai duk waɗannan 'yan rakiya ne. Sarauniyar wurin kuɓewa ce.

Tana da wata dabara da ta koya a hannun mahaifiyata. Da kaka sai ta bar 'ya'yan kuɓewa mafiya kyau su bushe a jikin uwarsu, ta ɗaure su, ta rataye a madafi inda hayaƙi yake hana ƙwari. Ba za ta taɓa su ba sai ranar da ta ga shamuwa ta ɗauko tsinken farko ta kai sheƙa. A ranar za ta fasa su, ta jiƙa irin a kasko, kashegari ta shuka. Daga nan sai ta yi ta rainonsu da ruwan wanke-wanke har ruwan sama ya zo ya karɓe ta. In ta yi gaggawa rana ta ƙone tsiron kafin damina, in ta makara kuma ta zama kamar kowa. Shamuwa ce take nuna mata tsakiyar. Ban ce tsuntsu ke kawo ruwa ba, Allah ke kawo ruwa, amma Shi ne Ya ba ta sanin da bai ba mu ba.

Da wannan dabarar, a gidanmu ake fara cin ɗanyar kuɓewa a duk ƙauyen, lokacin da kowa ya gaji da kuka da busasshiyar kuɓewa har harshe ya mutu. Kuma tsinkar farko ba ta shiga tukunyarmu. A faifai take jera ta, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta zaga gidajen tsofaffin mata da masu jego. Idan bazara ta yi nisa sai ka ji mata suna leƙowa ta kan danga suna tambaya, "Baƙin naki sun iso?" Ba ta da shanu, ba ta je Makka ba a lokacin, amma wannan abin nata ne ita kaɗai, kuma ta san nata ne.

Yanzu ga maganar riga. Babban ɗana ya aiko mini da farar shadda daga Kano, aka ɗinka mini babbar riga, na kai ta Ɗambatta aka buga har tana ɗaukar ido. Na ajiye ta don ɗaurin auren ɗan wani amini a wajen Bici, inda ni ne zan karɓi auren a madadin dangin ango. Ranar Juma'a da hantsi na saka ta, na zauna a gindin ceɗiya ina jiran taubashina mu tafi tare. Taubashin nan ɗan ƙanwar mahaifina ne, gidansa yana bayan gonaki biyu daga namu, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba a yi tsiya ba. Ni ina ce masa bawana, tunda ɗan mace ne, shi kuma ya ce bawan da ya fi ubangidansa ƙiba ai shi ne mai gida.

Ya iso, muka gaisa, na miƙe. Sai na ga yana ta ba ni hanya.

"Wuce gaba, ranka ya daɗe. Yau ai ranarka ce."

Na ce, "To, bawa ya fara hankali."

Muka shiga mota, muka sauka, muka ratsa taron, ina gaba yana baya kamar zagi ya juya. Ina ganin mutane suna murmushi, na ɗauka shadda ce take magana. Sai da aka shafa fatiha, wani dattijo mai tsoron Allah ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, a gidanka akwai shamuwa ko?" Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce in tuɓe in duba. Tun daga kafaɗa har ƙugu ta zuba mini kashi, fari da baƙi da ɗan kore-kore, ya bushe ya yi ɓawo. Taubashina kuwa yana jingine da bango yana share hawaye.

"Ni na ɗauka sabon aikin wuya ne na 'yan birni," in ji shi. "Wa zai hana mutum adonsa?"

Da ina da hankali da a kansa zan huce. Amma ba a fushi da taubashi, duk wanda ya yi shi ne abin dariya. Sai na ɗauko fushin ɗungurungum na kawo shi gida. Da la'asar sakaliya na ɗauki barandami, na jingina tsani.

Mai ɗakina ta fito daga madafi da muciya a hannu. "Malam, me za ka yi?"

"Zan sallami baƙi."

"Tana kan ƙwai fa."

"Ko kan zinariya take."

"Rigar ai wankuwa za ta yi. Kawo in jiƙa ta yanzu."

"Dariyar da aka yi mini ita ma za ki jiƙa?"

Ceɗiya itace ne mai laushi, sara kaɗan ya ishe ta. Ina fara sara tsuntsuwar ta tashi, reshen ya yi ƙara ya karye, kuma bai faɗa waje ba inda na nufa, sai ya juya ya faɗa cikin gida. Ya danne danga, ya kwanta kan kuɓewar da ta fara yin ganye huɗu. Sheƙar ta tarwatse, tarin kiraren shekara da shekaru, wasu ma na tabbata tun zamanin mahaifina. Ƙwai uku suka fashe a kan kunya.

Shamuwa ba mai surutu ba ce. Da kuka suka yi ko suka kawo mini sara, da na sami abin faɗa. Su biyun suka sauka a kan katangar zaure suka tsaya, suna duban wurin da reshen yake a da. Ina saukowa daga tsani na ji fushin ya tafi gaba ɗaya, ya bar ni da barandami a hannu kamar wanda aka kama a rumbun wani. Kashegari da safe ba su nan.

Mai ɗakina ta tsince ɓawon ƙwan ta binne a gindin zogale. Ta wanke rigar tas, ta ninke ta saka mini a akwati. A ranar miyar kuka muka sha, kashegari ma kuka, har na daina ƙirgawa. Ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya. Da ma ta yi.

Da bazara ta zagayo sai ga taubashina tun da sassafe a ƙofar zaure, yana washe baki.

"Na zo godiya ne. Baƙin da ka kora sun sauka a kukar gidana. Ka san tsuntsu ma ya san gidan mutunci."

Na ce, "Allah Ya sa ka sayi farar riga."

"Ni shuɗiya nake sawa, ina da lissafi."

Na shiga gida na ce wa mai ɗakina ai abin ya zo da sauƙi, ga su can bayan gonaki biyu, daga kan turmi ma ana hango kukar. Ta sauke irinta ta jiƙa mana. Ta dube ni ta ce, "Malam, ni ba na leƙen baƙin wani. Wanda ya sauka a gidan wani, mutanen gidan ya zo wa da labari." Ta jira ruwan sama kamar kowa. Kuɓewarta ta zo lokacin da ta cika kasuwa, ana tallanta a kowane lungu. Mata suka daina leƙowa ta kan danga.

Akwai kuma abin da ban taɓa lura da shi ba sai da babu. Ashe da sanyin safiya tsuntsayen nan sukan sauko su zaga garka da bakin gona suna tsintar fara da tsutsa. Ashe kashin da na tsana shi ne ya sa yakuwar da ke kusa da bishiyar take kai mini ƙirji. Da fara ta dame mu sai na sayo maganin feshi a kasuwa, na fesa ko'ina ina jin ni ne mai dabara. Fara ta ragu, gaskiya ne. Kwaɗin da ke bakin rariya su ma suka ɓace, ƙadangaru suka yi ƙaura, garkar ta yi tsit kamar gidan makoki, zogale kuma sai an wanke shi sau uku kafin a yi kwaɗo.

Shekara huɗu ina taurin kai. Abin da ya karya ni bai taka kara ya karya ba. Wata rana da hantsi ina gyaran ƙotar fartanya a tsakar gida, sai matar taubashina ta yi sallama da faifai a hannu. Ɗanyar kuɓewa ce guda bakwai, tsinkar farko. Ashe mai ɗakina ce ta ba ta irin, ta kuma koya mata dabarar duka, ba ta ɓoye komai ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka, ta raka ta har zaure. Da ta dawo sai ta shiga garkarta ta tsuguna, tana cire ciyawa a inda babu ciyawa. Na daɗe ina kallon bayanta.

Matsalar ita ce ceɗiya ta tofo, amma ƙananan rassa ne tsaye kamar tsumagiya, babu inda sheƙa za ta zauna. Sai na tuna wata tafiya da na yi arewa da Ɗambatta, na ga kwanduna ɗaure a kan ɗakuna da bishiyoyi. Wani tsoho da muka zauna kujera ɗaya a mota ya ce mini ai masaukin shamuwa ne, haka suke gayyatarta. A lokacin dariya na yi. Yanzu kuwa na je kasuwa na sayo kwando.

Mai ɗakina ta gan ni da tsani, ta fito da sauri. "Malam, yau kuma wa za a sallama?"

"Ɗaki zan gina."

Ta dubi kwandon, ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, amma ta zo ta riƙe mini tsani.

Kwandon farko na tumatir ne, hadarin farko ya ɗauke shi, aka tsinto shi a gonar liman. Na biyu na ɗaure shi da waya ta yadda ko guguwa sai ta yi da gaske. Hankaka ya zo ya duba, kurciya ta yi ƙwai a ciki ta ƙyanƙyashe, na ce to ko ba komai ɗakin yana zaunuwa. Shamuwa kuwa sai ta wuce ta samanmu, ta nufi kukar taubashina ko waiwaye babu. A shekara ta uku da fara ɗaura kwando, mai ɗakina, wadda ba ta taɓa sa baki a maganar ba, ta ce tana tankaɗe ba ta ɗago ba, "In ta zo me za ta ci? Ka kashe mata abinci." Na rataye injin feshi a rumbu, yana nan har yau. Muka koma barbaɗa toka, da tsince fara da hannu da safe kafin ta ji ɗumin rana, muna zuba wa kaji. Kuɓewa ta sha huji a ganye, amma kwaɗi suka dawo bakin rariya.

A shekara ta huɗu na yi wata dabara da har yanzu ake ba da labarinta. Na ce tsuntsu ba ya son sabon wuri, sai inda ya ga alamar an taɓa zama. Na jera kirare a kwandon da hannuna, sannan na dama farar ƙasa na hau na yayyafa a jikin kwandon da rassan, don ya yi kama da kashi. Ina cikin yi sai ga taubashina.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani. Mutumin da ya rushe gida saboda kashi, yau shi ne yake yin na jabu."

"Bawa, riƙe mini tsani ka yi shiru."

"Ai da ka tambaye ni, da na ce ka rataya rigar nan taka. Ita ce suka sani."

Ya riƙe tsanin dai, yana dariya har yana girgiza ni. Farar ƙasar ma ba ta yi aiki ba. Sai na daina dabara. Duk bazara dai in hau in gyara ɗauri, in ƙara kirare, har gwiwa ta fara ƙin tsani. A tsakanin nan ceɗiya ta yi nata aikin a hankali, rassan suka yi kauri suka rungume kwandon, har ba ka gane inda waya take.

Bana, shekara goma sha ɗaya da saran, na fito daga masallaci da safe na tsaya gaisawa da mutane har rana ta ɗan ɗaga. Ina shiga gida na tarar da mai ɗakina tsaye a tsakar gida, ta ɗora yatsa a baki. Ta nuna sama da haɓa. Shamuwa ce guda biyu a bakin kwandon. Ɗaya tana taɓa kiraren da na jera da baki, tana ture wasu suna faɗowa, da alama ginin nawa bai yi mata ba. Muka tsaya kamar gumaka. Akuya ta yi kuka, na ji kamar in yanka ta.

Kwana biyu suna zuwa suna tafiya. Kullum in tambayi mai ɗakina ko za ta sauke iri, ta ce, "Tsayuwa ba zama ba ce, Malam. Sai na ga tsinke." A rana ta uku da hantsi ɗaya ta sauka a bakin gona, ta yi 'yan taku, ta ɗauki wani busasshen tsinke, ta tashi da shi. Na bi ta da ido ina jiran ta karkata wajen kuka. Ta yi kewaye ɗaya ta sauka a ceɗiya. Kafin in juyo, mai ɗakina ta shige madafi. Na ji ƙarar busasshiyar kuɓewa tana fashewa a hannunta, irin yana zuba a kasko, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wadda rabona da ji tun kafin saran.

Ni kuma na buɗe akwati na ciro rigar nan. Ta ɗan yi ja a ninki, ta kuma yi mini yawa. Na saka, na shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin kwando na zauna. Sai da na yi wuni biyu kafin a sallame ni da kashi, a kafaɗar hagu. Ban goge ba, na ratsa gonaki biyu har ƙofar taubashina.

Ya duba, ya ce, "Wannan na gaske ne ko farar ƙasa?"

Na ce, "Sansana."

Na san ba waɗanda na kora ba ne. Nasa suna nan a kukarsa, waɗannan wataƙila 'ya'yansu ne ko jikoki, ba su san abin da na yi ba, shi ya sa suka yarda da ni. Ƙwai ukun nan ba su dawo ba, haka ma damina goma sha ɗaya da matar nan ta yi ba ta zaga da faifanta ba. Wasu daga cikin tsofaffin da take kai wa tsinkar farko sun rasu a tsakanin. Yanzu da nake rubutun nan kuɓewar ta yi fure, faifai yana rataye an wanke shi, jiya kuma na ji wata ta leƙo ta kan danga tana tambaya.

Roƙona ga duk wanda wannan ya isa gare shi, in wata halitta ta zaɓi bishiyar gidanka, ta ɓata maka riga ko babur ko shanya, ka ja tabarmarka gefe, ka ba da rigar a wanke. In kuma an yi maka dariya a taro, ka nemi wanda ya yi dariyar, kada ka kawo ta gida ka ɗora wa wanda bai san an yi ba. Kafin ka ɗaga gatari a kan wani reshe, ka tambayi mutanen gidanka ko akwai mai dubansa. Ni ban tambaya ba, an ma faɗa mini ban ji ba. Don Allah kada ku yi irin nawa.